Abin da Wuta Ba Ta Ci

Shekarar da ruwan Dadin Kowa ya ja da baya
ya bar taɓo a inda kwalekwale ke wucewa a da,
gaɓa ta yi kore shar kamar an kaɗa miyar kuka,
kumfa na taruwa a lungu, tana warin tsohuwar rijiya.
Babayo, autana, ya naɗe wando ya shiga,
ya fito da ƙumba cike da kwando,
kowacce ta rufe baki gam.

Ni mai bandar kifi ce.
Shekara ashirin da biyu hayaƙi na wanke mini ido.
Na yarda da wuta yadda ake yarda da uwa:
tsutsa ta san ta, ƙuda ya san ta,
tarwaɗar da ta kwana ma, in ta ji garwashi, sai ta shiga hankalinta.
To me ƙumba za ta fi?

Na tafasa, na zubar da ruwan fari.
Na sake tafasawa har murfi na rawa.
Suka buɗe baki ɗaya bayan ɗaya
kamar masu shirin faɗin gaskiya,
amma ba wadda ta ce uffan.
Na sa citta, na sa daddawa, barkono bai yi ƙaranci ba.
Rabi muka ci da tuwon masara,
rabi na ɗora a kan waya, hayaƙi ya busar.

Kafin asuba cikin Babayo ya juya.
Ni ma na ji nawa, sai dai shi ya fi ni loma.
Agwagwa biyu da suka sha a bakin gaɓar nan
muka tarar a bayan ɗaki, wuya a miƙe.
Kwana na uku farin idonsa ya koma kalar rawaya,
muka hau mota sai Gombe.

A can wata ma'aikaciya, Rifkatu, mai tabo a haɓa,
ta zauna kusa da ni a kan benci.
Na ce mata, sau biyu fa na tafasa.
Ta ce, Iya, ƙumba rariya ce,
yini take tana tace ruwa,
abin da koren nan ya zuba, ita ke tarawa a namanta,
tana ajiya kamar mai adashe.
Na ce, wuta fa?
Ta ce, wuta mai rai take kashewa.
Wannan ba shi da rai balle ya mutu.
Kin taɓa dafa gishiri har ya daina zama gishiri?

Na yi shiru.
Na tuna gwangwanin da na cika da busassu,
na ce, in sun yi wata a ajiye?
Ta girgiza kai.
In an sa a ƙanƙara?
Ta ce, ƙanƙara ma gadinsa za ta yi miki.

Babayo ya tashi, da sauran shan ruwansa a gaba.
Ranar da muka dawo na haƙa rami har gwiwa,
na juye gwangwanin, na danne da dutse
don kada kare ya tono.

Yanzu damina ta cika dam, ruwa ya yi garau,
yara na cewa ai ya wuce.
Ina ce musu ku dakata tukuna,
ruwa ya fi ƙumba saurin mantuwa.

Har gobe ina hura wuta da asuba,
muna gaisawa, ba mu ɓata ba,
na dai san iyakar gonarta.
Ɓawo ɗaya na rage daga kwandon nan,
da shi nake kankare ƙanzon tukunya.